Jijiyoyi Biyu Na Wuya Da Shanyewar Ɓarin Jiki

Da yawa daga cikin mazan ikilisiyoyinmu a Kano suna cin abincinsu ne a masana'antun Sharada, Challawa da Bompai, wasu a gidajen jima, wasu a gidajen roba. In ɓarin jikin irin wannan magidanci ya shanye, ba shi kaɗai ya kwanta ba. Kuɗin haya da na makarantar yara ma sun tsaya. Sau da yawa mukan ce iska ce ta buge shi, ko kuwa an yi masa jifa. To, bari mu duba wuyansa.

Allah ya sa manyan jijiyoyi biyu a wuya, ɗaya dama ɗaya hagu, masu kai jini ƙwaƙwalwa. Likitoci suna kiransu karotid. Hawan jini, ciwon sukari, shan taba da yawan kitse sukan sa wani datti ya taru a cikinsu, kamar yadda laka ke cike lambatu. Wata rana ɗan ɓarɓashi ya ɓalle, ya haura, ya toshe wata ƙaramar hanya a ƙwaƙwalwa. In jijiyar hagu ce, ɓarin dama ne zai shanye.

Wani lokaci ciwon yakan yi sallama tukuna. Ido ɗaya ya rufe ɗif na 'yan mintoci, ko hannu ya saki abin da ya riƙe, ko baki ya karkace, magana ta sarƙe. Can sai komai ya dawo daidai. Ma'aikaci ya ce gajiyar aikin dare ce, ya koma kan injinsa don kada a yanke masa albashi. Wannan ganganci ne, gama haɗarin babban bugu ya fi yawa a 'yan kwanakin da ke biye. A ranar ya kamata a je asibiti, kamar na Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Likita yakan saurari wuya, ya kuma sa a ɗauki hotonsa da na'urar nan da ake duba masu juna biyu. Babu zafi, babu yanka. Yawancin mutane magani ne ake ba su: na hawan jini, na rage kitse, da asfirin. Amma kada mu ba wanda ya faɗi asfirin da kanmu kafin a ɗauki hoton kansa, domin wani bugun fashewar jijiya ce, asfirin kuwa ƙara zubar jinin zai yi.

Akwai kuma fiɗa, inda ake buɗe jijiyar a kankare dattin. An soma ta wajen 1953 da 1954 a Amurka da Ingila, kuma manyan bincike na 1991 sun nuna amfaninta ga wanda ya ga alamu, jijiyarsa kuma ta toshe kashi 70 cikin 100 ko fiye.

Sai dai mu a nan, babban ɓarawon shi ne hawan jini. Wani bincike da aka yi a Nijeriya da Ghana, aka buga a 2018, ya ɗora masa alhakin kusan tara cikin goma na wannan ciwo. Awon jini ba ya cin minti biyar. Zumuntar Mata na iya gayyato nas da abin awo ranar Lahadi bayan sujada, a auna maza kafin su watse.