Koren haske ba shaida ba ne cewa an gwada manhaja

A ranar 19 ga Yulin 2024 kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu aiki da Windows suka tsaya cak a faɗin duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma rubutu da hannu. Da kamfanin CrowdStrike ya fitar da bincikensa, sai ga shi manhajarsa da ta jawo matsalar tana neman bayanai 21 alhali 20 ake ba ta, kuma gwaje-gwajen da aka yi ba su taɓa tilasta mata leƙa gurbi na 21 ba. Gwaji ya nuna kore, alamar komai lafiya, amma bai taka inda ramin yake ba. Matasanmu da ke koyon rubuta manhaja a Jami'ar Jihar Kaduna da ke Titin Tafawa Ɓalewa, da masu yi wa shaguna da makarantun Kawo da Malali manhajar biyan kuɗi, ya kamata su tsaya a kan wannan.

Wata hanyar gano irin wannan ramin ita ce gwaji mai jadawali, wato a rubuta tambaya ɗaya, a jera mata bayanai iri-iri, kowanne da amsar da ake sa ran samu, kwamfuta ta bi su layi-layi. Manhajojin gwaji na JUnit da pytest duk suna da wannan. Amma gwajin bai san komai ba sai abin da aka zuba masa, kuma misalan da ake kwafowa daga intanet ba su san mutanenmu ba. Sunan Sa'adatu yana da alamar da ke iya karya umarnin rumbun bayanai idan an rubuta shi da sakaci. Ƙ da ɗ da ɓ sukan rikiɗe su zama alamar tambaya idan ba a karanta fayil da tsarin UTF-8 ba, wanda sai a 2022 harshen rubuta manhaja na Java ya mayar da shi tsarinsa na asali. Lambar waya mai farawa da 080 takan yi asarar sifilinta idan aka adana ta kamar adadi, sai lambobi 11 su koma 10, ga kuma wanda zai rubuta tasa da +234. Jadawalin da babu waɗannan bai gwada manhajar da za ta yi aiki a Kaduna ba.

Matsalar da ta fi ɓoyuwa tana wajen manhajar da ke gudanar da gwajin. Maven yana ɗaukar fayilolin da sunansu ya dace da ƙa'idarsa ne kawai, haka ma pytest. Wanda aka raɗa wa wani suna daban, tsallake shi za a yi. Wanda ya cakuɗa alamomin JUnit 4 da na JUnit 5, wadda ta fito a 2017, zai iya ganin an ce aiki ya kammala lafiya alhali ba a gudanar da ko ɗaya ba. Idan jadawali ya zo fanko, pytest wucewa yake yi, ba ya kiran abin faɗuwa. Don haka adadin gwajin da aka gudanar shi ne abin fara dubawa, sannan a lalata amsa ɗaya da gangan a ga ko zai yi ja.

Wasu za su ce mai aiki shi kaɗai, ga ƙarancin wuta, ga mai kwangila yana matsa masa, ba shi da lokacin wannan. Gaskiya ne rubuta gwajin farko yana cin lokaci, amma ƙara layi a jadawali bai kai minti ɗaya ba, ya kuma fi sauƙi a kan gyara rajistar ɗalibai bayan sunaye sun lalace. Wasu kuma za su ce gwaji ba ya tabbatar da babu kuskure. Haka ne, shi ya sa duk kuskuren da mai amfani da manhaja ya kawo ƙorafinsa ya kamata a mayar da shi sabon layi a jadawalin kafin a taɓa gyaransa.