Gardawan Kura da Hotunansu

Wasa da namun daji tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma masu yin ta su ne gardawa. Ranakun kasuwa suke bi, daga manyan garuruwa irin su Azare har zuwa irin su Gamawa da Udubo, da kura a sarƙa, da gwaggon biri, da mesa a akwati. Makaɗi ya saki ganga, jama'a su kewaye fage, gardi ya fito da warki mai ƙararrawa, damtse cike da kambu da layu. Kuɗin kallo somin taɓi ne. Cinikin yana wajen sayar da maganin sarar maciji da na tsari.

Hotunan da suka fi kai labarinsu duniya su ne na Pieter Hugo, ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya iske wata tawagarsu a bayan garin Abuja a 2005, ya sake dawowa a 2007, shekarar da littafin hotunan ya fito. Bai damu da fagen wasa ba. Tsayar da gardin yake yi a gefen titi ko ƙarƙashin gada, kurar na gefensa. Mai lura zai ga takunkumin igiya da aka saƙa mata a baki, da kaurin sarƙar, da sandar da gardi kan riƙe. Waɗannan su ne ke riƙe da ita fiye da kowane laƙani. Ba banza aka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ba.

Tsofaffin hotunan dabbobin wasa na Turai da Amurka ma tsararru ne. Kyamarar ƙarni na 19 ba ta son motsi, don haka sai an tsayar da dabba cik, kuma mai wasan ne ke zaɓar abin da za a gani, tunda hoton talla ne. Haka aka yi ta sayar da katunan hoton Jumbo, giwar Afirka da wani mai wasa da dabbobi, P. T. Barnum, ya saya daga gidan zu na Landan a 1882, wadda jirgin ƙasa ya kashe a Kanada a 1885.

Can ƙetare sana'ar ta ja baya. Kamfanin wasan dabbobi na Ringling ya daina wasa da giwaye a 2016, Ingila kuma ta haramta yawon wasa da namun daji daga 2020.