Furen yakuwa: mai saye ya biya, kaya su je masa kowane wata

A ƙasashen Turawa akwai ƙananan manoma da ke noman furanni don ado. Ba sa jiran ranar kasuwa. Mai saye yana rubuta sunansa ta intanet, ya biya kuɗin wata ko na damina ɗaya. Kowane mako sai a kai masa damin fure har gida. A Faransa an fara irin wannan yarjejeniya kan kayan lambu a shekarar 2001, a garin Obanye.

Mu a Gidan Sori ba a sayen fure don ado. Amma muna da furen da ke kawo kuɗi, shi ne na yakuwa. Idan furen ya faɗi, jan ƙoƙon da ya saura shi ake ɓarewa a shanya. Shi ne zoɓo, wanda mutanen birni ke kira bisap. Daga Agye da Gazawa har Gidan Runji, mata na shuka yakuwa a gefen gona ko tsakanin hatsi. Ganyen ya shiga miya, ƴaƴan a yi daddawa da su. Zoɓon Najeriya kuwa har Meziko ake kai shi, can ma jiƙa shi suke su sha.

Damuwarmu ita ce lokacin sayarwa. Da kaka kowa ya fito da nasa rana ɗaya, farashi ya faɗi. Idan zafi ya shigo, ko azumi ya zo, masu yin lemun zoɓo a Maraɗi na nemansa ido rufe. Lokacin nan kuwa ya daɗe da barin hannun wadda ta noma shi.

A ganinmu dubarar masu furen can za ta yi mana amfani. Mai sayar da lemu tana buƙatar zoɓo duk shekara. Sai a shirya da ita: tiya kaza kowane wata, a farashi kaza. A ɗauki hoton kayan a aika mata ta WhatsApp, a yi magana da saƙon murya. Ta aiko da kuɗin farkon wata ta Nita ko Amana, a ba direban da aka sani kayan ranar kasuwa.

Kada a haɗa wannan da “a ci ba daɗi”. A can, ɗan kasuwa ne ke ba da bashi lokacin yunwa, ya kwashe amfanin gona da araha. A nan kuwa kaya na cikin ɗakinki, kuma da bakinki aka yanke farashi.

Mace ɗaya ba ta iya cika alkawarin shekara. Ƙungiya ce ke iyawa. Tun 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, kuma mata sun saba da asusu da zubi. Misali, idan ƙungiya ta tara buhu goma, ta yi alkawarin takwas kawai. Biyu su zauna saboda ɓacin rana. Mai sayen da ta biya kuɗi aka bar ta ba kaya wata ɗaya, da wuya ta sake dawowa.

Ajiya ita ce rabin aikin. A shanya zoɓo bisa tabarma mai tsabta, kada ya taɓa ƙasa, don rairayi na kashe masa daraja. Sai ya bushe ƙarau a zuba a buhu. A ɗora buhun bisa katako, nesa da laima. Kada a zuba masa maganin ƙwari, abin sha ne.

Likitoci sun gano zoɓo na ɗan rage hawan jini. Amma mai shan magani kada ya daina saboda shi, kuma mai ciwon sukari ya sha ba sukari.

Sauran aiki na mai alƙalami ne. A samu littafi guda, kowane mai saye da shafinsa: suna, yawan tiya, ranar da kuɗi suka shigo, ranar da kaya suka tafi. Cikin matan da suka yi karatun yaƙi da jahilci za a zaɓi mai riƙe shi, ta karanta wa ƙungiya a kowane zama.