Daga Rarrafe zuwa Magana: Matakan Girman Yaro da Batun Harsuna Biyu

Gabatarwa

Hausawa sun daɗe da raɗa wa matakan girman yaro suna: zama, rarrafe, tsayuwa, tatata, gwaranci, har zuwa yaye. Abin da binciken zamani ya ƙara a kan wannan sani shi ne auna tazarar watannin da kowane mataki yake bayyana a cikinsu. Sanin wannan tazara shi ne ke raba jinkirin da ba ya da illa da wanda ke bukatar likita.

Motsin Jiki

Tsakanin 1997 da 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da bincike kan girman yara. Sashen da ya shafi motsin jiki ya bi diddigin yara 816 a Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka. Sakamakon da aka fitar a 2006 ya nuna cewa lafiyayyen yaro kan fara rarrafe tsakanin wata 5 da wata 13 da rabi, ya kuma fara tafiya shi kaɗai tsakanin wata 8 da wata 17 da rabi. Kimanin kashi 4 cikin ɗari ba su yi rarrafe ba sam. Ke nan, wanda ya taka a wata 10 da wanda ya taka a wata 16 duk suna kan ƙa'ida.

Magana

A 2022 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta sabunta jerin matakanta bisa abin da kashi 75 cikin ɗari na yara ke iyawa. A wata 18 yaro kan gwada faɗin kalma uku ko fiye, ban da “mama” da “baba”, yana kuma nuna abu da yatsa don a gani. A wata 24 yakan haɗa kalma biyu, kamar “ba ruwa”. A wata 30 kalmominsa kan kai kusan 50.

Yaron da ke Jin Harsuna Biyu

Ɗan Bahaushe da ke tashi a zangon Kumasi ko Jidda ko Landan yana jin Hausa a gida, a waje kuma Asantanci ko Larabci ko Ingilishi. Masana sun tabbatar cewa jin harsuna biyu ba ya jinkirta magana, sai dai kalmomin yaron sun rabu gida biyu, don haka a haɗe ake ƙirga su. Rashin sanin wannan kan jawo asara iri biyu. Wasu iyayen kan daina yi wa yaro Hausa don tsoron kada ya rikice, har ya tashi bai iya gaisawa da kakanninsa ba. Wasu kuma kan ɗora wa harsunan laifin jinkiri na gaskiya, alhali matsalar ji ce da ake iya ganowa da wuri.

Kammalawa

Ya kamata a nemi likita idan yaro ya kai wata 18 bai taka ba ko bai furta kalma ba, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ya daina yin abin da ya riga ya iya. Shi kuwa bakwaini, ana ƙirga watanninsa daga ranar da ya kamata a haife shi, har ya cika shekara biyu.