Ana Gyara Hanci Da Fatar Goshi A Yamai

Ya ku manoma da makiyaya, akwai wani ciwo mai cin fuskar yara ƙanana. Wasu na ce masa ciwon iska, wasu na ce masa zaizayar baki. Likitoci kuwa suna kiran shi "noma". Wannan suna ba shi da wata dangantaka da noman gona. Daga harshen Girkawa ya fito, ma'anarsa cinyewa.

Ciwon ya fi kama yara masu shekara 2 zuwa 6. Yakan zo wa yaron da tamowa ta kama, ko wanda ya tashi daga baƙon dauro ko zazzaɓin cizon sauro. Daga dasashi yake farawa. Dasashi ya kumbura, ya yi ta zubar da jini, baki ya yi wari. Cikin ƴan kwanaki kumatu ya kumbura, nama ya yi baƙi, ya ruɓe ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin yara 10 da ba su samu magani ba, har 9 na iya mutuwa. Wanda ya tsira kuwa, sau da yawa yakan rasa leɓe, ko kumatu, ko hanci.

Irin wannan yaro yakan sha wuya. Numfashi da cin abinci su zame masa aiki. Tsaransa su guje shi, iyaye su ɓoye shi cikin ɗaki don kunya. To, a sani: ciwon nan ba maita ba ce, ba aikin iska ba ne, kuma ba a ɗaukar shi daga wani. Hancin da ya lalace ma ana iya gyara shi.

YADDA AKE AIKIN

Hanci hawa uku gare shi: fatar ciki, da guringuntsi mai riƙe shi tsaye, da fatar waje. Duk wanda ya ɓace cikin ukun sai an maida shi. Idan guringuntsi ne babu, likitan fiɗa yakan ɗebo kaɗan daga kunnen mai ciwon ko daga haƙarƙarinsa.

Fata kuwa ba ta wani ake sa wa ba, ta mai ciwon ce, kuma ta kusa da hanci, don launinsu ɗaya ne. Idan ramin ƙarami ne, a gefen ƙofar hanci, sai a jawo fatar kumatu a rufe. Idan babba ne, sai a koma ga goshi.

Da farko ana ba mai ciwon maganin barci, ba ya jin zafin komi. Likita ya auna girman wurin, ya zana shi a goshi. Ya yanka fatar ta gefe uku, ya bar gindinta a manne kusa da gira. Cikin wannan gindi akwai jijiyar jini. Sai ya juyo fatar ƙasa, ya ɗora ta bisa hanci, ya ɗinke. Ya kuma haɗa bakin raunin goshi.

Duk manomi ya san yaɗon kabewa. Reshe yakan kwanta ƙasa ya yi saiwa, alhali yana shan ruwa daga uwarsa. Haka fatar nan take. Jijiyar goshi ke ciyar da ita har ta kama a sabon wurinta. Bayan kamar mako 3, sai a sake shiga da mai ciwon, a yanke gindin, a daidaita hancin. Goshi yakan yi tabo, amma tabon yana dushewa a hankali. Idan ɓarnar ta yi yawa, har fatar fuska ba ta isa ba, akan ɗebo daga ƙirji ko hannu, kuma akan yi fiɗa fiye da sau biyu.

Wannan dabara tsohuwa ce. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, wani likitan ƙasar Indiya mai suna Sushruta ya rubuta yadda ake auna hanci da ganye, a gyara shi da fatar kumatu. Daga baya mutanen Indiya suka ƙware wajen aiki da fatar goshi. A shekarar 1814 wani likita mai suna Joseph Carpue ya gwada ta a birnin Landan, ta kuma yi kyau. Ba masu zaizayar baki kaɗai take wa amfani ba. Ana yi wa wanda dabba ta ciza, da wanda ya yi hatsari, da zabiya wanda ciwon daji na fata ya ci wa hanci.

INA AKE ZUWA?

A shekarar 1992 ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis ta soma kula da irin waɗannan yara a Damagaram. Ƙungiyar Hilfsaktion Noma ta ƙasar Jamus, wadda aka kafa a 1994, ta buɗe gidan fiɗar fuska a Yamai, inda aka yi wa yara daga jihohin Nijar aiki. A Sakkwato ma an buɗe asibitin wannan ciwo a 1999. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, don a ƙara maida hankali kansa.

Ba a yin fiɗa sai rauni ya warke sarai, yaro ya yi ƙarfi. Saboda haka matakin farko shi ne gidan likita mafi kusa. Su ne za su duba yaro, su ba da takardar zuwa gaba.

Amma rigakafi ya fi magani. Uwa ta riƙa buɗe bakin ɗanta tana dubawa, musamman bayan baƙon dauro. A wanke masa baki da ruwan gishiri mai ɗumi. A kai shi allurar rigakafi. A ba shi nono, da wake, da gujiya, da ganyen zogale. Idan an ga jini a dasashi da warin baki, ko kumatu ya soma kumbura, kada a kwana. A wannan lokaci maganin likita yana tsaida ciwon kafin ya taɓa fuska.

Wanda ya karanta wannan labari ya karanta wa maƙwabtansa. Idan kuma akwai yaron da aka ɓoye cikin ɗaki a garinku, a shaida wa iyayensa su fito da shi su kai shi likita.