Garin da ke zamewa a hankali zuwa teku

A kudancin Ingila akwai tsibirin Wight, kuma a gaɓarsa ta kudu garin Ventnor yake, gidajensa sun hau jikin gangare hawa-hawa kamar matakala. A ƙarni na 19 aka cika shi da gine-gine, bayan likitoci sun yaba iskarsa ga masu ciwon ƙirji. Sai dai filin da aka kafa garin tsohuwar ƙasa ce da ta zaftare tun da daɗewa, har yau kuma ba ta gama sauka ba. Yankin, wanda ake kira Undercliff, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 12.

Matsalar daga ƙarƙashi take. A sama akwai alli da dutsen yashi, masu shan ruwa kamar soso. Ƙarƙashinsu kuwa wani yumɓu ne mai shuɗi-shuɗi da ruwa ba ya ratsawa. Idan aka yi shekara mai yawan ruwa, sai ya sauka ya kwanta a kan yumɓun nan, ya mai da shi tamkar jiƙaƙƙen sabulu, duk abin da ke sama ya fara silalewa. Mutanen tsibirin ma suna yi wa yumɓun laƙabi da santsinsa. A can gindi kuma teku na ta cin ƙafar gangaren, kamar mai zare tubalin ƙasa daga jikin katanga.

A wannan wuri Robin McInnes, masanin duwatsu da ƙasa, ya shafe shekaru yana kula da gaɓar teku a ƙarƙashin hukumar tsibirin. Wanda ya ji sunan aikin zai zaci manyan katangu ne ake ginawa don tare teku. Akwai wannan, amma kaso mai tsoka na aikin ƙananan abubuwa ne: bututun ruwa da ya fashe yana tsiyaya cikin ƙasa, magudanar da ta toshe, siririyar tsagewa a kan kwalta, ƙofar ɗakin da a da take rufuwa lafiya, bana kuma sai an sa mata kafaɗa. Ana haƙa ramuka masu zurfi a zura na'urori don auna tashin ruwa da motsin ƙasa, ana kuma zana taswirar da ke nuna inda gini zai zauna da inda za a yi asarar kuɗi. Babu mai iya tsayar da gangaren nan. Abin da ake iyawa shi ne a rage masa ruwa, a kuma faɗa wa mai sayen gida gaskiya.

Abin da ya fi burge ni game da McInnes shi ne yadda ya mai da tsofaffin zane-zane shaidu. Na'urorin awo jiya-jiya suka zo, alhali masu zane sun daɗe suna zama a bakin tekun suna zana abin da idonsu ya gani. Sai ya ɗauko zanen da ya haura shekara 150, ya je ya tsaya daidai inda mai zanen ya tsaya, ya duba abin da ya ɓace. To, amma ba kowane mai zane ne ke faɗin gaskiya ba. Wani yakan ƙara wa dutse tsawo don zanen ya yi kasuwa. Saboda haka ya jera su daraja-daraja, gwargwadon yadda za a amince da idon kowa.

Ƙasar dai ba ta fasa tafiyarta ba. A 2014, bayan ruwa mai yawa, hanyar Undercliff ta karye. A watan Disamba na 2023 kuma wani babban yanki ya zaftare a Bonchurch, gabas da Ventnor, aka kwashe mutane daga gidajensu, aka rufe titin Leeson da ke shiga garin har tsawon watanni.