Baburin da Ba Ya Tari Sai Ya Yi Zafi

Akwai wata cutar babur da ke mayar da mai shi kamar maƙaryaci a gaban bakanike. Da safe ka taka kik sau ɗaya ya tashi lafiya lau. Ka yi tafiyar minti 15 ko 20, sai ya fara tari, yana fizga, yana ɗauke wuta yana maidowa, wani lokaci ma ya mutu ɗungurungum. Ka turo shi gareji kana gumi, kafin ka isa ya huce, bakanike ya taka ya tashi, ya dube ka ya ce, "Malam, ai mashin ɗin nan ba abin da ke damunsa."

Ni ma na ɗanɗana. Tsohon babur ne mai cc 125 da yayana ya bar mini, da shi nake zuwa makaranta daga Sabo ta Ibadan. Kullum sai na shiga cunkoson Sango yake fara halinsa, kuma a makon jarrabawa ya tsananta, har wata rana na shiga aji an riga an raba takardu. Sau biyu na canza fulogi, sau ɗaya aka wanke kafireta, duk a banza. Bakanikai na kiran wannan matsala "misin", kalmar aro ce daga Ingilishi wadda ta zauna daram a bakin 'yan gareji, kamar yadda fulogi da salansa da bawul suka zauna. Manufarta ita ce man da ya shiga inji bai kama da wuta ba a lokacin da ya kamata.

Wani dattijon bakanike a unguwarmu shi ya buɗe mini ido. Da na gama ba shi labari sai ya ce, "Ɗana, ka kawo mini shi da zafinsa, ba a duba wannan cuta a sanyi." Abin da zan bayyana a nan daga wurinsa na fara koya, sauran kuma na ƙara da bincike.

Inji yana bukatar abu uku kafin ya yi aiki: fetur da iska a gauraye daidai gwargwado, da matsi a cikin silinda, da tartsatsin fulogi a kan kari. Irin waɗannan ƙananan babura ba su da lagireto, iskar tafiya ce ke sanyaya su, shi ya sa cunkoso ke tona asirinsu. Zafi kuwa yana sa ƙarfe ya buɗa. Saboda haka tambayar da mai babur zai yi wa kansa ita ce, cikin abubuwan nan uku wanne ne zafi ke ɓatawa?

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Da zarar babur ya mutu, ka buɗe murfin tanki ka saurara. In ka ji iska ta shiga da ƙara, sa'an nan ka taka ya tashi, to ƙaramar kafar da ke jikin murfin ce ta toshe. Fetur na sauka, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har ya kai ga mai ya daina gangarowa kafireta. Wannan ba laifin zafi ba ne ko kaɗan, daɗewar tafiya ce kawai, amma kamanninsu ɗaya.

In ba haka ba ne, sai a koma ga wuta, kuma a nan yawancin matsalar take. Ka riƙa yawo da sifanar fulogi da wani fulogi mai kyau. Ka zare hular fulogi, ka sa wanda ka zo da shi a ciki, ka jingina gindinsa da ƙarfen inji, ka taka kik. Ka riƙe ta wajen robar, kuma ka tabbata babu fetur a zube kusa. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi alamar lafiya ce. In ja ne mai rauni, ko yana zuwa yana ɗaukewa, to akwai magana, domin tartsatsin da ya fita da ƙyar a fili ba zai iya fita ba a cikin silinda inda ake da matsi.

Babban abin zargi a nan shi ne koyil. A cikinsa akwai siririyar wayar tagulla da aka naɗe sau dubbai, wadda ke ɗaga wuta zuwa sama da bolt 10,000 don ta tsallake bakin fulogi. Idan wayar ta tsage ko rufinta ya ƙone a wani wuri, a sanyi bakunan suna haɗe, wuta na wucewa. Da zafi ya shiga sai tsagar ta buɗe. Wannan ne dalilin da ya sa ko an auna koyil da mita a sanyi sai ta nuna lafiya. Irin wannan na iya faruwa ga hular fulogi, da koyil ɗin da ke cikin magneto, da akwatin CDI. Dabarar ita ce a canza abu ɗaya a gwada, kada a canza uku a lokaci guda, don in ya gyaru ba za a san wanne ne ba, kuma an yi asarar kuɗin biyu.

Idan wuta ta fito da kyau, ka kwance fulogin da ke jiki ka dubi bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa shi ake so. Baƙi mai busasshen kunkunniya na nufin mai ya fi iska yawa. Inji mai sanyi yana son mai da yawa, shi ne amfanin cok, amma da ya yi zafi sai yawan man ya shaƙe shi. Cok da ya maƙale bai koma ba, ko matatar iska da ƙurar hunturu ta cushe, duk suna kawo haka.

Saura bawul. Tsakanin bawul da ƙarfen da ke danna shi akwai 'yar tazara da ba ta kai kaurin gashi biyu ba, a yawancin ƙananan babura tsakanin milimita 0.05 da 0.08, kuma a sanyi ake saita ta. In ta yi kaɗan, da bawul ya yi zafi ya ƙara tsawo ba zai rufe ruf ba, matsi ya zube. Alamarsa, kik ya yi laushi a ƙafa, babur ya ƙi tsayawa a silo, ya kuma ƙi tashi sai ya huce. A ganina wasu yaran gareji na da hannu a nan, don sukan ɗaure bawul tam saboda inji ya yi shiru mai babur ya ji daɗi. 'Yar ƙaramar ƙarar bawul ba aibu ba ce, shirun da ya yi yawa shi ne abin tsoro.

Ranar da muka duba nawa, sai da na zagaya Mokola sau uku har ya fara tari, na shigo gareji da shi yana fizga. Dattijon ya gwada wuta, tartsatsin ja ne, yana zuwa yana ɗaukewa. Ya jiƙa tsumma ya matse, ya naɗe jikin koyil da shi ba tare da ya taɓa bakin wayoyi ba, muka ɗan jira. Da na sake takawa sai ga tartsatsi shuɗi, alhali kan inji yana nan da zafinsa, ko taɓa shi ba a iya yi. Ya kwance koyil ɗin ya nuna mini wata siririyar tsaga a gefen da ke fuskantar inji. Fulogin nan biyu da na cire a baya kuwa lafiyarsu ƙalau, ɗaya daga cikinsu ne ma ke jikin baburin yanzu.